Tsohon moto da sabon piyas: tarihin baburan iyayenmu da yadda za mu tada su ba tare da mun kashe su ba



Babu unguwar da za ka shiga a Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai ka rasa gidan da ke da tsohon moto jingine, ko a zaure, ko bayan ɗaki kusa da turken awaki. Taya ya sace, ƙura ta rufe fenti, kaji sun mai da sirdin wurin kwana. Wani mobilet ne shuɗi, wani Peugeot, wani Yamaha, wani kuma Honda CG ta farko. Galibi mai shi ya rasu ko ƙarfi ya ƙare, yara kuma sun koma ga Kasea da Haojue da Boxer.

Mutum biyu ne ke zuwa ƙofar irin wannan gida yanzu. Na farko mai sayen tsohon ƙarfe, da kurarshi da sikelinshi, shi kilo ya sani. Na biyu ɗan gidan ne ko jika, wanda ya ce wallahi moton baba ba za shi bola ba, sai ya tada shi. Da wannan na biyu muke magana yau. Niyyarshi mai kyau ce, amma babura da dama sun mutu a hannun masu niyya mai kyau, saboda an ɗaura musu piyas ɗin da ba nasu ba. Kafin mutum ya san abin da zai saya, sai ya san daga ina moton ya fito, da hanyar da kayan gyaranshi sunka bi kafin su iso gare mu.

ZAMANIN MOBILET

Sunan da muke kira mobilet asalinshi sunan kaya ne na kamfani guda, Motobécane, wanda Charles Benoît da Abel Bardin sunka kafa a Pantin, gefen birnin Paris. A 1949 sunka fito da Mobylette na farko: keke ne mai feda, an liƙa mishi ƙaramin inji da bai cika 50 cc ba. Ya karɓu ƙwarai, har anka ƙera wajen miliyan 14 kafin a daina. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne shuɗin nan, AV88, da Faransawa ke yi wa laƙabi da launinshi. Kamfanin Peugeot ya biyo da nashi, kuma a 1971 ya fito da 103, wanda ya zama babban abokin hamayyar mobilet.

Zuwa ƙasarmu, manyan kantunan Turawa ne sunka kawo su, irin su CFAO da SCOA, waɗanda tun zamanin mulkin mallaka suke sayen gyaɗa suna sayar da atamfa, kwano da keke. Bayan samun 'yancin kai a 1960, gyaɗa ce ke riƙe da arzikin ƙasa, kuma Maradi da Damagaram su ne cibiyarta. A 1962 gwamnati ta kafa Sonara don cinikinta. Kuɗin gyaɗa da albashin sabbin ma'aikata su ne sunka sa mobilet a kan hanya. Wa ke hawa? Mushen lakwal, malamin asibiti, malamin gona, ma'aikacin gidan waya, da ɗan kasuwar da bai kai ga mota ba tukuna. A ƙauye, jin ƙarar mobilet daga nesa ya isa a san baƙon bariki ya iso.

Waɗannan injuna masu bugu biyu ne, wato ba su da wurin zuba man inji daban. Ana gauraya man da esansi a tanki, shi ne melanj. Manyanmu na tuna famfon hannu da ke gidajen mai, wanda ake murzawa a zaɓi yawan man da za a gauraya. Maƙwabtanmu na Burkina sun yi nisa a wannan harka, don a da a Bobo-Dioulasso akwai masana'antar da ke haɗa ƙananan baburan Peugeot da Yamaha, kuma wasu daga cikin waɗanda ke jingine a Yamai yau daga can sunka fito.

DA JAPAN TA SHIGO TA KUDU

Shekarun 1970 sun juya komai. Fari na 1973 da 1974 ya karya gyaɗa. Amma a arewa an fara fitar da yuraniyom daga Arlit a 1971, Akuta ta biyo a 1978, kuɗi sunka shigo baitulmali zamanin Seyni Kountché. A kudu kuma Najeriya na cikin daular man fetur. A 1975 an biya ma'aikatanta ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, kasuwannin Kano, Katsina da Sakkwato sunka cika da baburan Japan: Honda, Yamaha, Suzuki.

Abin da ya shiga Kano kuwa, ai ya shigo mana. Daga Maradi a bi Ɗan Isa, Jibiya, Katsina. Daga Damagaram a bi Matamai ko Magarya a faɗa Daura. Daga Tawa a sauko Ƙwanni a ƙetara Illela. Iyakar da Bature ya ja ba ta taɓa hana ɗan uwa kai wa ɗan uwa kaya ba.

Cikin baburan wannan zamani, Honda CG 125 na da labari na musamman. A 1974 kamfanin ya tura injiniyoyi ƙasashen kudu maso gabashin Asiya su ga yadda talakawa ke amfani da moto. Sunka tarar ana ɗora mishi mutum uku da kaya, ba a canja man inji sai ya koma baƙi ƙirin, ba a zuwa wurin mai gyara sai ya tsaya cak. Sai sunka koma gida sunka ƙera injin da zai jure wannan wahala, sunka fito da shi a 1975. Kun ga ke nan ba don titunan Tokyo anka yi shi ba, don irinmu anka yi shi. A 1979 Honda ta buɗe masana'antar haɗa babura a Ota, cikin jihar Ogun. Yamaha kuma ta samu shiga da ƙaraminta V80, mai sauƙin hawa, wanda mata ma'aikata sunka so ƙwarai.

Wannan tarihi ya bar mana harshe biyu a bakin masu gyara. Abin da makanikin Maradi ke kira buji, na Katsina fulogi yake ce mishi. Mu mu ce segiman, su su ce ringi. Mu mu ce piyas, su su ce safaya. Wanda zai tafi Kano neman kayan tsohon moto, ya riƙe sunayen biyu, in ba haka ba ya komo da abin da bai aika ba. Mafi alheri ma ya tafi da tsohon piyas ɗin a aljihu.

YADDA PIYAS NA ASALI YA ƁACE

Kayan gyara na asali ba rana ɗaya sunka ɓace ba. Bugu ne bayan bugu.

A 1983 Motobécane ya karye. An sake tada shi da sunan MBK, kuma a 1986 Yamaha ta karɓe ragamarshi. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Kusan shekara biyu kayan Honda da Yamaha sai ta ɓarauniyar hanya, da tsada. A wannan lokaci farashin yuraniyom ya riga ya faɗi, aljihun gwamnati da na ma'aikata duk sun yi sanyi.

Daga 1986 naira ta fara zubewa. Kayan Japan sunka fi ƙarfin talakan Najeriya, sai 'yan kasuwar Nnewi, a jihar Anambra ta yau, sunka juya ga Taiwan suna sa a yi musu kwafi, daga baya wasunsu sunka kafa masana'antu a garinsu. Nan ne kalmar adaftabul ta zauna a bakin masu shago: ba na asali ba ne, amma zai shiga.

Bugun da ya fi zafi gare mu ya zo ranar 12 ga Janairun 1994, da anka karya darajar sefa. Faran guda na Faransa da ake canjawa sefa 50 ya koma sefa 100. Dare ɗaya kuɗin duk abin da ke fitowa daga Faransa ya ninka, ga ma'aikata na bin bashin albashi wata da watanni. Mobilet da yawa a wannan shekarun anka jingine su, da niyyar in abubuwa sun gyaru a tada su. Suna nan jingine har yau.

Sai shekarun 2000, baburan Sin sunka kwararo ta tashoshin ruwan Lome da Kwatano, na Indiya sunka biyo baya. Sabo fil, da araha. Kabu-kabu ya cika gari, matasa sunka samu sana'a, shagunan piyas kuma sunka share kantocinsu sunka zuba kayan sabbin babura. A 2002 masana'antar Saint-Quentin ta daina ƙera mobilet gaba ɗaya.

Cikin duk wannan hali, wa ya riƙe baburan a kan hanya? Makanikanmu na bakin titi. Su ne sunka yanka juwan daga kwali, sunka yi robobi da tsohon tiyub, sunka kai ƙarfe wurin mai tur ya fiƙe shi daidai, sunka ciro karbirato daga wannan gawa sunka dasa wa waccan. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Saboda haka duk tsohon moton da za ka buɗe a ƙasar nan, ka sa a ranka cewa ba yadda ya fito daga masana'anta yake ba. Hannu goma sun riga ka shiga cikinshi.

KAFIN KA SAYI KOMAI

Wannan shi ne darasin farko da tarihin ya ba mu: kar ka yarda da sunan da ke rubuce a tanki. Tankin na iya cewa Peugeot alhali silindar ta wani ce. A buɗe, a wanke da kananzir, a auna, sannan a tafi kasuwa. Kuma kafin a kwance ko da ƙusa guda, a ɗauki hoto da salula ta kowane gefe, musamman wayoyin wuta. Kowane rukuni na ƙusoshi a sa shi cikin gwangwaninshi.

Piyas iri uku za ka tarar. Akwai gangariya, na asali da ya kwana a shago ko a sito shekara da shekaru bai taɓa aiki ba. Akwai okaziyo, wanda anka ciro daga wani moto, irin wanda ake tonowa a Katako ta Yamai ko wurin masu tsohon ƙarfe na kowane gari. Sai adaftabul, sabon kwafi, wanda cikinshi akwai mai kyau akwai jabu. Kowanne da wurinshi. Abin ƙarfe da ba ya ruɓewa, kamar murfin inji, tanki, kan moto ko madafin ƙafa, okaziyo na asali ya fi sabon kwafi. Abin roba kuwa, ko na asali ne, in ya shekara 30 cikin zafin Damagaram ya bushe, sabon kwafi ya fi shi.

PISTON DA SILINDA

Nan ne aka fi yin ɓarna. A ido, piston ɗin mobilet da na Peugeot 103 kamar tagwaye suke. Amma na Motobécane faɗinshi milimita 39 ne, na Peugeot 40. Sandar da ke riƙe piston ma ta bambanta: 13 a Motobécane, 12 a Peugeot. Milimita guda ba komai ba ce a wurin tela, amma a cikin inji ita ce rai da mutuwa.

Bayan haka, silindar waɗannan ƙananan injuna na Faransa galibi alminiyom ce da anka shafa wa kurom a ciki. Irinta ba a fafe ta a ƙara mata faɗi, don da an taɓa ta shafen ya tafi. Masana'anta kan buga harafi a kan silindar da kuma a kan piston, don a haɗa waɗanda sunka dace da juna. A nemi harafin a bi shi. Kuma silinda mai kurom ba a sa mata segiman mai kurom, ƙarfe biyu masu tauri ɗaya cin juna suke yi.

CG 125 dabam take. Silindarta na da rigar baƙin ƙarfe a ciki, faɗinta na asali milimita 56,5, kuma ana iya fafe ta a sa piston mafi girma mataki-mataki: 0,25, sai 0,50, sai 0,75, sai 1,00. Moton da ya yi shekara 40 a hannun mutane, da wuya a ce ba a taɓa fafe shi ba. A kankare baƙin da ke kan tsohon piston, sau da yawa lambar na nan a rubuce. Wanda ya sayo piston na ma'aunin farko ya jefa cikin silindar da anka fafe sau biyu, zai ji ƙara kamar ana daka, hayaƙi kuma sai ka ce an kunna bola.

Masu CG na da sa'a guda: yawancin baburan Sin masu 125 kwafin injinta ne, kuma har yau ana ƙera ta a Pakistan. Don haka kayanta ba su yanke ba. Amma shiga dabam, dacewa dabam. A auna sandar piston, a gwada tsawon sabo da tsoho gefe da gefe a kan tebur.

Wurin ɗaurawa, a lura da abu huɗu. A fara sa segiman shi kaɗai cikin silinda a duba ɗan ratar da ke tsakanin bakinshi biyu. A ƙaramin inji wajen milimita 0,2 ake so, in babu rata, da ya yi zafi zai kumbura ya kama. A inji mai bugu biyu, kibiyar da ke kan piston wajen fitar hayaƙi take kallo, kuma bakin segiman dole ya zauna kan ɗan ƙarfen da ke cikin ramin piston. A CG, gefen da anka rubuta IN shi ke kallon karbirato. Na huɗu, 'yan ƙananan zobban da ke tare sandar piston ba a maimaita su. Kuɗinsu bai kai na shayi ba, amma in ɗaya ya fita yana tafiya, silinda ta tafi.

WUTA

Kan mobilet akwai wani tarko da ya karya injuna da yawa. Ƙusar da ke riƙe faifan wuta na Motobécane a juye take: ta inda ake ɗaure sauran, ta nan ake kwance ta. Yaron da ya saba da baburan yau zai sa ƙarfi ta hanyar da ya sani, yana ƙara ɗaurewa yana zaton tsatsa ce, har bakin ƙarfen ya karye. Shi kuma ɗan ƙarfen da ke bayan faifan, da abin cirewa na musamman ake zare shi. Guduma ba ta da aiki a wurin.

Tsofaffin babura da bis-filatine suke ba da wuta, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa. Ratar da ke tsakaninsu wajen milimita 0,35 zuwa 0,40 ce. In moto na tashi da sanyi, ya yi zafi ya mutu, sau da yawa kondansate ne ya gaji, kuma sababbin kwafi ma akwai marasa kirki cikinsu, don haka a sayi biyu. Wasu na cire wannan tsari su sa na zamani mai akwatin lantarki. Ba laifi ba ne ga wanda zai riƙa hawa kullum, sai dai ya adana tsohon.

A kuma tuna cewa baburan da anka yi kafin shekarun 1980, yawancinsu wutarsu bolt 6 ce, na yau kuwa 12. Ƙwan fitila na 12 a kan moto mai 6 haskenshi bai fi na aci-balbal ba. Batirin 12 a kan wayoyin 6 kuwa, ƙona bobin da ƙwayaye zai yi. Buji ma a duba tsawon wuyanshi: in ya yi tsawo, piston zai buge shi.

MAI DA ISKA

Mutane na saurin jefar da tsohon karbirato, irin Gurtner na mobilet ko Keihin na Honda, su sa sabon kwafi mai ƙyalli. Sau da yawa tsohon wanki kawai yake so. A jiƙa shi, a hura iska cikin ramukan, kar a soka waya ko allura cikin jikle don ramin zai faɗaɗa. In dole sai an sa sabo, a gwada lambar jiklen da ta tsohon, don kwafi kan zo da lambar da ba ta dace ba. Launin buji ne alƙali: ruwan ƙasa lafiya lau, baƙi mai ya yi yawa, fari fat kuwa mai ya yi kaɗan, a tsaya kafin inji ya kama.

A inji mai bugu biyu akwai robobi biyu a gefen babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, su ke hana iska shiga. Moton da ya daɗe a jingine, waɗannan sun bushe, babu makawa. In ba a canja su ba, iska za ta saci hanya, inji ya yi ta gudu shi kaɗai, ya yi zafi ya kama. A Yamaha V80 akwai ɗan famfo da ke tura man inji da kanshi. Masu gyara da yawa sun kashe shi a shekarun baya sun koma melanj. A tabbatar ko yana aiki kafin a tada, in babu tabbas a gauraya mai a tanki. Man kuma ya zama na bugu biyu, ba baƙin man da anka juye daga mota ba. Tankin da ya yi tsatsa a wanke shi, a sa ƙaramar matata a kan tiyo, balle ga mai shan man 'yan ruwa-ruwa na kwalba.

INDA BA A JAYAYYA

Akwai wurin da son kayan asali ba shi da hurumi: birki da taya. Takalmin birki da ya shekara 30, mannen da ke riƙe fatarshi ya mutu, tana iya ɓallewa ta cije ƙafar moto ana cikin gudu. A sa sabo. Wurin buɗewa kar a hura ƙurar da baki, don tsofaffin na iya ƙunsar amiyant, mai lahani ga huhu. A shafe da jiƙaƙƙen tsumma. Wayoyin birki, sarƙa, da bel ɗin mobilet duk a sabunta. Taya ko zanenta bai cinye ba, in ta tsattsage ta gama. A jikin tayoyin da anka yi daga 2000 akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, a duba kar a sayar maka da tsohuwar ajiya a matsayin sabuwa. Moton baba abin tunawa ne, amma bai kai ran jikanshi ba.

Ƙusoshin baburan Japan ma da nasu sirri. Kansu mai gicciye ne, amma yankan ya ɗan bambanta da na Turai, shi ya sa turnabis na kasuwa ke zamewa ya cinye kan. Da yawansu na da ɗan ɗigo a kai. A zuba mai a bar shi ya kwana, a sami turnabis da ya zauna daram, a ɗan buga a murza. Kuma ƙusar da ta ƙi shiga da yatsa, kar a tilasta mata da kile, alminiyom ba ya yafiya.

WANE NE NA ASALI?

A Faransa akwai ƙungiyoyin masu tara mobilet da ke son komai ya koma yadda ya fito daga masana'anta, har launin fenti. Suna da gaskiyarsu, kuma albarkacinsu ne ake sake ƙera wasu kayan da sunka ɓace, wanda ɗan uwa mazaunin can zai iya aiko wa mutum. Amma mu namu tarihin dabam ne. Kariyar da maƙerin unguwa ya ƙera don ɗaukar buhun hatsi, fatar da badukun Damagaram ya ɗinka wa sirdi, addu'ar da anka rubuta a bayan madigadi, waldar da anka yi a shekarar da iyaka ke rufe, duk waɗannan su ne shaidar cewa moton a nan ya rayu. Wanda ya kankare su duka ya fesa sabon fenti, ya samu moto mai kyau, amma ya goge sawun mahaifinshi.

Shawararmu ita ce a canja abin da zai sa inji ya tashi da abin da zai tsare rai, a bar sauran yadda yake in dai yana riƙe. Duk abin da anka cire a zuba shi cikin kwali a ajiye, don abin da ba ya gyaruwa yau, gobe wani na iya gyara shi. Lambar da ke buge a jikin ƙarfen moto da ta inji kar a taɓa su, kar fenti ya rufe su. In tsohuwar kartigiris da takardar duwan na nan cikin akwatin tsoho, a adana su. In moton gado ne, a zauna da sauran magada a daidaita kafin a kashe mishi ko dala, kar abin tunawa ya zama abin rigima.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damunmu. Piyas ana iya samo shi daga Kano, daga Wagadugu, ko daga Faransa. Wanda ba a odarshi shi ne mutumin da ya san daidaita bis-filatine da takardar sigari, wanda ke jin ciwon inji da kunne tun kafin a buɗe. Waɗannan dattawa suna nan a tsofaffin unguwanninmu, wasu ido ya raunana, wasu sun bar sana'ar sun koma tsaron shago ko zaman masallaci. Yaran garejin yau sun ƙware a kan baburan yau, amma da yawansu ba su taɓa buɗe mobilet ba. Duk wanda zai tada tsohon moto, ya nemi ɗaya daga cikin dattawan nan, ya gaishe shi, ya ce: «Baba, so nake ka zauna kusa, yaro ya yi aikin kana gani.» A biya shi haƙƙinshi kamar yadda ake biyan mai tur da mai fenti. Da haka moto zai tashi, yaron kuma ya tashi da ilimin da ba a lakwal ake koyar da shi ba.

Kuma me zai hana, a bikin 18 ga Disamba ko a hawan salla, mu ga jerin tsofaffin baburan gari sun bi bayan dawaki, kowanne da jikan mai shi a kai? Abu ne da matasan unguwa guda za su iya farawa, ba sai an jira hukuma ba.

To jama'a, wane moto ne ke jingine a gidanku, kuma wane dattijo ne ya fi iya gyaranshi a garinku? A tambayi tsofaffi tun suna kusa. Allah ya jiƙan iyayenmu da sunka rigaye mu, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, ya tsare mu a kan hanya. Amin.